Tsohon Jan Farce: Yadda Za Ki Nemo Shi, Ki Farfaɗo Da Shi, Ki Shafa Shi A Zafin Katsina

Yawancin kwalaben jan farcen da mata ke zubarwa a shara ba su mutu ba. Ruwan da ke riƙe da su ne ya tsere, ya bar kalar ta daskare a gindin kwalba. Idan aka mayar da wannan ruwa da haƙuri, kwalbar da ta shekara ashirin a ƙasan adaka tana iya dawowa ta shafu sumul. Abin da ke sa ni takaicin zubar da su shi ne, kaloli da yawa kamfanoni sun daina yin su, kuma ko sun sake fitar da sunan, haɗin ba ya zama irin na da. Wadda ta jefar da irin wannan kwalba ta jefar da abin da kuɗi ba zai sake sayo mata ba a Babbar Kasuwar Katsina, ko a Kano, ko a Dubai.

Ki fara da sanin abin da ke cikin kwalbar

Jan farce na gargajiya abu huɗu ne a haɗe. Akwai naitiroselulos, wanda shi ne ke bushewa ya zama fatar nan mai sheƙi a kan farce. Akwai ruwan da ke narkar da shi, galibi etil asitet da butil asitet, su ne masu warin da ke cika ɗaki. Akwai sinadaran da ke sa shi laushi da kama farce don kada ya tsattsage. Sai kalar kanta. Cikin huɗun nan ruwan ne kawai ke guduwa, shi ya sa gyara yake yiwuwa. Wannan ruwa mai ƙarfi kuma ba ya barin ƙwayoyin cuta su zauna a ciki, saboda haka tsohon jan farce ba ya ruɓewa yadda man shafawa ko hoda mai ruwa ke yi.

Bayanin nan bai shafi jel ɗin da ake busarwa da fitila a shagunan gyaran farce ba, bai kuma shafi na yara da ake haɗawa da ruwa ba. Waɗannan idan sun daskare sun tafi ke nan.

Sunayen da ya kamata ki riƙe

Ba kowace tsohuwar kwalba ce mai daraja ba, don haka ki san inda za ki sa ido. Cutex na cikin na farko, Northam Warren ne ya kafa kamfanin a Amurka a 1911, kuma kafin 1920 ya fara sayar da jan farce na ruwa. Revlon ya zo a 1932, daga hannun 'yan uwa biyu, Charles da Joseph Revson, tare da masanin haɗa sinadarai Charles Lachman. Kalolinsa biyu sun yi suna ƙwarai: Fire and Ice ta 1952 da Cherries in the Snow ta 1953. Sai dai an ci gaba da yin su shekaru masu yawa, don haka ganin sunan kaɗai ba ya nuna tsufa, sai kin duba kwalbar. Waɗannan kamfanoni biyu su ne za ki fi cin karo da su a kayan iyayenmu.

OPI da Essie duk a 1981 aka kafa su a Amurka. OPI da kayan haƙori ya fara, sai a 1989 ya shiga yin jan farce. Kalar Essie mai suna Ballet Slippers, wadda ke da hasken ruwan hoda, ita ce aka san Sarauniya Elizabeth ta Ingila da ita. Chanel na Faransa ya fitar da Rouge Noir a 1994, ja mai duhu da ya kusa zama baƙi, sannan Jade mai lamba 407 a 2009, koriya mai haske da aka yi kaɗan ta ƙare nan da nan. Masu tara jan farce a duniya suna neman Jade, da Clarins 230 mai sauya kala idan an juya ta, da Starry Starry Night ta Essie ta asali, shuɗiya mai duhu da ƙyalƙyalin azurfa.

Ni dai a ganina kada ki ɗora buri a kan waɗannan manyan sunaye. Da wuya su faɗo hannunki a nan, kuma su ne aka fi yi wa jabu. Jan Revlon ɗin da gwaggonki ta zo da shi daga aikin Hajji shekaru talatin da suka wuce ya fi su tabbas, don kin san hannun da ya fito.

Inda za ki nema

Gida ne kasuwa ta farko. Adakar kaka, tsohon fantimoti, durowar madubin da aka daina buɗewa, ragowar kayan lefen da aka tura ƙarƙashin gado. Mata da yawa an sa musu jan farce a lefe ko an kawo musu tsaraba daga Jidda, suka shafa sau ɗaya ko biyu suka koma wa lallensu. Irin waɗannan kwalabe su ne mafi kyau, domin sun zauna a duhu, a rufe, ba a yawan buɗe su.

Roƙon yana da ladabi. Kada ki shiga kina bincike a kayan babba. Ki gaishe ta, ki zauna, hira ta yi nisa, sannan ki kawo maganar.

"Gwaggo, wai jan farcen nan da nake gani a durowarki tun muna yara, yana nan kuwa?"

"Wannan ai ya bushe, 'yar nan. Me za ki yi da shi?"

"Ina tara su ne, Gwaggo. In kin ba ni zan gyara shi, in kawo miki ki gani."

Ki tafi mata da ɗan turare ko sabulu, ki kuma tambaye ta wa ya ba ta da wace shekara. Amsar da za ta ba ki, ko da "shekarar da aka haifi wane" ce, ta fi duk wani lissafin da za ki yi daga baya.

Bayan gida sai tsofaffin shagunan kayan kwalliya da 'yan koli. A Babbar Kasuwa da 'Yar Kutungu, ki nemi mai shagon da ya daɗe a wurin, ba mai sabon gilas da fitilu ba. Ki ce masa, "Alhaji, ba ka da kwantan jan farce, wanda ya daɗe bai fita ba?" Sau da yawa akwai kwali a ƙasan kanta da aka manta da shi, kuma zai so ya rabu da shi. Kada ki nuna zumuɗi a kan kwalba ɗaya, ki yi cinikin kwalin gaba ɗaya. Dillalai mata masu shiga gida-gida ma hanya ce mai kyau, ki nuna musu hoton irin kwalbar da kike so a waya. In kina da 'yan uwa a Maraɗi ko masu zirga-zirga ta Jibiya, ko ta Kongolam a ɓangaren Daura, ki sa su duba miki, don kayan Faransa irin su Bourjois sun fi yawo a can.

Saye ta intanet daga waje yana da wahala guda: jan farce abu ne mai kama wuta, kamfanonin aika kaya da yawa ba sa ɗaukar sa a jirgi. Ya fi sauƙi matafiyi ya riƙo miki 'yan kwalabe a jakarsa, kowacce a naɗe da tsumma cikin leda mai zif. Kwalba ɗaya galibi ba ta wuce mililita 15, ba ta kusa da iyakar mililita 100 da ake sa wa kayan ruwa a jakar hannu ba.

Yadda za ki gane shekarunta

Nan ne aikin yake da daɗi, kuma nan ne ake cutar wadda ba ta duba ba. Ki ɗauki kwalbar zuwa haske, ki juya ta, ki karanta duk abin da ke jiki da gindi.

Idan kin ga ɗan zanen buɗaɗɗen gwangwani da lamba kamar 24M ko 36M, kwalbar ba ta girmi 2005 ba, don a shekarar ne Tarayyar Turai ta wajabta wannan alama. Adireshin intanet a jikin kwalba yana nuna bayan tsakiyar shekarun 1990 ne. Lambar NAFDAC tana nuna bayan 1993, shekarar da aka kafa hukumar. Zanen layukan da ake haskawa a kanti don ganin farashi bai fara aiki ba sai 1974, ya kuma ɗauki shekaru kafin ya yaɗu. In an rubuta cewa a Jamus ta Yamma aka yi ta, to kafin haɗewar Jamus a 1990 ne. Adireshin kamfanin Amurka mai lambar gidan waya guda biyar a ƙarshe ya zo ne daga 1963. Ki lura, kasancewar alama ita ce hujja mai ƙarfi. Rashinta ba ya tabbatar da komai, domin wani lokaci a kan kwalin aka buga ta, kwalin kuma ya daɗe da ɓata.

Ga OPI akwai alamar da masu tarawa ke dubawa: takardar da ke manne a gindi. Tsofaffin suna da rubutu baƙi zalla, na baya kuma aka koma rubutu kore, a daidai lokacin da kamfanin ya sauya haɗinsa wajen 2006. Masu baƙin rubutu sun fi tsada a wurin masu nema.

Jabu kuwa ana gane shi da rubutun da ke gogewa da yatsa, harafin da aka rubuta ba daidai ba, buroshi mai tsaurin gashi da ke warwatsewa, da wari mai hawa kai irin na fentin mota. Girman kwalba ma shaida ne: OPI mililita 15 ce, Essie ta yanzu 13.5, Chanel 13. In mai kaya ya jera miki "tsohuwar Chanel" dozin guda a farashin jan farcen talla, ki yi masa godiya ki wuce.

Raba na shafawa da na kallo

Kafin ki buɗe komai ki yanke wannan shawara. Yawancin jan farcen da aka yi kafin tsakiyar shekarun 2000 yana ɗauke da abu uku da kamfanoni suka cire daga baya: toluwin, fomaldihaid da DBP, wani sinadari mai sa shi laushi. Tarayyar Turai ta hana DBP a kayan kwalliya a 2004. Babbar mace mai lafiya da ke shafawa jefi-jefi a wuri mai iska, wannan zaɓinta ne. Amma mai juna biyu, mai shayarwa, mai asma da yara ƙanana, ban ga dalilin da zai sa su kusance shi ba. Kwalbar da kike zaton ta girmi shekarun 1970, wadda ba ki da hanyar sanin abin da aka zuba a cikinta, ki bar ta ta zama ta kallo. Haka ma wadda ba a taɓa buɗewa ba kuma tana cikin kwalinta, buɗe ta rage mata daraja ne.

Buɗe murfin da ya kafe

Kada ki sa haƙori, kada ki sa filaya. Wuyan kwalba ne ke fara karyewa. Ki zuba ruwan ɗumi, ba tafasasshe ba, a ƙaramin kofi, ki kifa kwalbar yadda murfin kaɗai zai nutse, ki bar ta minti biyar. Ki tsane ta, ki naɗa robar ɗaure kuɗi a murfin don hannu ya kama, ki murɗa a hankali. In ta ƙi, ki bar ta a kife, ki ɗiga ruwan goge jan farce kaɗan a tsakanin murfi da gilas, ki jira, ki sake gwadawa. Ki kiyaye ruwan nan kada ya taɓa rubutun jikin kwalba ko takardar gindi, yana cinye su. Wasu kwalaben, irin na Chanel, murfi biyu gare su: na waje ana zare shi sama ne, na ciki shi ake murɗawa.

Farfaɗo da wanda ya daskare

Abu ɗaya nake roƙon ki a nan: kada ki zuba ruwan goge jan farce a cikin kwalba. Na san haka kowa ke yi, kuma ranar farko sai ki ga ya saki. Amma an yi ruwan nan ne don ya wargaza jan farce, yawancinsa asiton ne da ruwa da ɗan mai. Bayan 'yan makonni kalar za ta dushe, ta riƙa guntulewa, ta ƙi bushewa. Tinar masu fenti ma ba ta wannan aikin ba ce. Abin da ake nema shi ne tinar jan farce, wadda aka haɗa da etil asitet da butil asitet, wato ruwan da ya gudu tun farko. Masu sayar wa shagunan gyaran farce kaya su ne ke da ita. In ba ki samu a Katsina ba ki yi saƙo Sabon Garin Kano.

Idan jan farcen kauri kawai ya yi, ki ɗiga biyu ko uku, ki rufe, ki murza kwalbar tsakanin tafin hannuwanki minti biyu. Ki ɗaga buroshi ki kalli yadda yake zuba. Wanda ya yi daidai yana taruwa a bakin buroshi ya ɗiga ɗaya bayan ɗaya kamar zuma a watan zafi. In yana jan zare bai isa ba, ki ƙara biyu. Ƙarawa tana da sauƙi, ragewa ce babu.

Wanda ya zama dunƙule a gindi kuwa aikin kwanaki ne. Ki zuba tina har ta rufe dunƙulen, ki rufe da kyau, ki ajiye ta kwana. Da safe za ki ga ruwan sama ya fara ɗaukar kala, gefen dunƙulen ya yi laushi, tsakiyar tana nan da tauri. Ki murza, ki ajiye. Kullum haka. Wata rana za ki ji 'yar ƙara ƙas-ƙas a ciki: ƙananan ƙwallayen ƙarfe biyun da kamfani ya sa ne suka kuɓuta daga inda suka maƙale. Daga nan aiki ya zo da sauƙi, su za su ƙarasa gauraya miki. In kwalbar ba ta da su, ki sa ƙwallayen ƙarfe marasa tsatsa, kada ki sa ƙusa ko tsakuwa. Buroshin da ya sandare ki wanke shi da tina a wani ɗan murfi daban, in gashin ya zube ki ɗauko na wata kwalbar da tsawonsu ya zo ɗaya.

Rabuwar kala, inda ruwa mai ɗan rawaya ya hau sama kalar ta kwanta ƙasa, ba lalacewa ba ce, murzawa ke gyara ta. Abin da ba ya gyaruwa shi ne kalar da rana ta cinye. Shuɗi, shunayya da kaloli masu tsananin haske su ne ke saurin koɗewa, fari kuma yana komawa rawaya. Ja mai duhu shi ya fi jure shekaru.

Ajiya a garin da zafi ke wuce digiri 40

Daga Maris zuwa Mayu ɗakin da ke ƙarƙashin kwano babu silin yana iya kashe kwalba cikin bazara ɗaya. Kan madubi kusa da taga, inda kowa ke jera su don ado, shi ne wuri mafi muni. Ki samo gwangwanin biskit ko akwatin katako mai murfi, ki jera su a tsaye, ki sa a ƙasan kabad a ɗakin da ya fi sanyi, can ƙasa kusa da daɓe. Mai ɗakin ƙasa ko soro ta yi dace. Firji ban ba ki shawara ba: da an ɗauke wuta an kawo, kwalbar na shiga sanyi tana fita, ga warinta kusa da abinci.

Duk lokacin da kika yi amfani da kwalba ki goge wuyanta da auduga kafin ki rufe. Busasshen jan farce a wuya shi ke hana murfi zama, ta nan iska ke shiga. Da hunturu kuma kada ki bar ta a buɗe ko na minti ɗaya, ƙura na shiga, busasshiyar iska na shan ruwan.

Akwai haɗarin da ya kamata a faɗa da babbar murya. Naitiroselulos da tina suna kama wuta nan take, ɗakunanmu kuma ba sa rabuwa da kaskon turaren wuta da maganin sauro na kunnawa. Kada ki buɗe kwalba kusa da garwashi, risho, gas ko kyandir. Akwatin kuma ya zama inda hannun yaro ba ya kaiwa.

Ki ware ɗan littafi. Kowace kwalba ki rubuta kamfani, sunan kala, lamba, daga wa kika samu, da ranar da kika sa mata tina. Ki ɗauki hoton gindinta, don zafi na ɓanɓare takardar, kwalbar da ta rasa sunanta kuma ta rasa rabin darajarta.

Shafawa

Lokaci ne farkon abin dubawa. Jan farce fata yake yi a kan farce, ruwa ba ya ratsa shi, shi ya sa malamai ke cewa sai an cire shi kafin alwala da wanka, saɓanin lalle da rini kawai yake bari. Saboda haka kwanakin fashin salla su ne lokacinsa. Wasu na shafawa bayan isha'i su goge kafin asuba. Da jan farcen kasuwa babu laifi, amma da kwalbar da ba za a sake samun irinta ba wannan asara ce. Sababbin da ake tallatawa cewa ruwa na ratsa su maganarsu daban ce, tsofaffin dai babu mai wannan siffa. In kina son ganin kala a sauran kwanaki, ki shafa ta a farcen roba ki rataya a wuyan kwalbar.

Karon farko ki gwada a farce ɗaya ki jira kwana biyu. Wadda jikinta bai karɓa ba, ba lallai ta ga alama a yatsa ba. Ƙaiƙayi da ja sun fi fitowa a fatar ido, wuya da gefen baki, wuraren da hannu ke yawan taɓawa. In kin ga haka ki goge, kwalbar ta koma cikin na kallo.

Ki zauna a tsakar gida ko bakin taga, a inuwa, ba a gaban fanka ba, don iska mai ƙarfi na sa ƙananan kumfa. Ki goge farcen ya rabu da mai. Ki fara da shafin ƙasa marar kala na zamani, shi zai raba tsohon haɗin da farcenki, ya kuma hana ja da shuɗi barin tabo. Sannan kalar: siriri, ja uku, tsakiya da gefe da gefe. Shafin farko zai fito da zane-zane, kada ki bi shi kina gyarawa. Ki ba shi minti uku zuwa biyar, ki yi na biyu. Wanda aka sa wa tina da yawa yana iya neman na uku. Ki rufe da shafin sama mai sheƙi, ki ja shi har bakin farce. Ya bushe a taɓawa ba ya nufin ya yi ƙwari, ki ba shi awa guda kafin wanke-wanke ko tuƙin tuwo.

Ki tuna da lallen da ke farcenki. Farcen hannu na tsiro kimanin milimita 3 a wata, don haka ƙunshin biki ɗaya yana iya kai wata huɗu zuwa shida kafin ya fice gaba ɗaya. Kala mai haske irin Ballet Slippers a kan jan lalle ruwan lemo za ta koma, rabin farce wata kala rabi wata. A irin wannan lokaci ja mai duhu, ruwan goro da makuba su ne ke rufewa da kyau, suna kuma zama daram da zanen lallen da ke bayan hannu.

Wajen cirewa ki jiƙa auduga, ki ɗora a kan farce, ki danne daƙiƙa ashirin, sannan ki ja zuwa waje, kada ki yi ta gurzawa kala ta shiga fata. Mai ƙyalƙyali sai kin naɗe yatsan da takardar alminiyam minti biyar. Tunda wankan tsarki ne ke biye, ki kai hannun haske ki duba gefen farce, gindinsa da ƙarƙashinsa, nan ne ragowa ke ɓuya, musamman shafin ƙasa da ba shi da kala. Tsinken sakace da aka naɗa wa 'yar auduga yana fitar da ita. Bayan kin yi wanka ki shafa man kaɗanya ko man zaitun a farcen da fatar da ke kewaye, domin asiton na busar da su ƙwarai, balle in da hunturu ne.